Wa zai share aji kafin yara su dawo?

A yawancin makarantun gwamnati na birnin Yamai, ranar da aka sanar a rediyo cewa an koma lakwal daban take da ranar da ake fara karatu. Yara su zo da sababbin kaya, wasu da jaka, wasu da allon hannu a hammata, darakta ya tara su gindin bedi ya yi musu barka da hutu, sannan ya rufe da maganar da duk wanda ya taɓa zama ɗan makaranta ya hardace: gobe ƴan mata su zo da tsintsiya da bokiti, maza su zo da hauya da manjagara. Shi ke nan mako ya tafi. A wasu wuraren na biyu ma ya bi shi, kafin mushe ko madam su ɗauki alli su rubuta kwanan wata a allo.

Dole aikin ya yi yawa. Ɗakin da aka rufe a ƙarshen watan Yuni damina guda ke wucewa a kansa babu mai leƙa shi. Inda kwanon rufi ya yi yoyo, ruwa ya sauka kan teburan zama har katako ya kumbura ya rabu da ƙarfe. Gara ta hau bango ta shiga kabad. Jemagu su tare cikin silin, warin kashinsu ya hana mutum tsayawa. Zanzaro ya yi gini a kusurwa, rina ta kafa gida bayan taga. A fili kuwa tafasa da ƙarangiya su kai gwiwa, kuma cikinsu ne kunama da maciji ke fakewa. Makarantar da ba ta da katanga abin nata ya fi haka muni, don hutu na zuwa take zama hanyar awaki, filin ƙwallo, jujin unguwa, da dare kuma makewayi. Leda ta maƙale a kowace ƙaya, kwatamin ruwan sama ya kwanta bayan azuzuwa daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci.

Ga kuma ambaliya, wadda yanzu ta zama baƙuwar kusan kowace shekara. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba, shingen Lamorde ya ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda irin su Karaje, Zarmagande da Kirkisoi, ya taɓa Saga a wannan ƙetaren. Ina mutane suka nufa da tabarmi da tukwane? Makarantu. A 2024 abin ya game ƙasa, mutane fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka tagayyara, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma cike suke da waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Babu mai imanin da zai ga laifin wanda ɗakinsa ya rushe don ya fake a lakwal. Alheri ne da makaranta ta zama mafaka. Amma ɗakin da iyali uku suka yi wata biyu suna kwana suna girki a ciki, bango ya yi baƙi da hayaƙi, masai ya cika, benci ya zama gado, tsintsiyar yarinya ƴar shekara tara ba za ta mayar da shi aji ba.

Ra'ayina a nan shi ne ayyuka biyu ne muka cakuɗa, muka kuma ɗora wa waɗanda bai kamata ba. Akwai shara da gyara, wato aikin ƙarfi, wanda na manyan unguwa ne da hukuma. Akwai kuma tsara aji, wanda babu mai iya yin sa sai malamin da zai tsaya a cikinsa wata tara. Mu kuwa mun bar wa yara da malami aikin ƙarfin, a cikin kwanakin karatu, har idan aka gama kowa ya gaji, tsarin ya bi ruwa. A jera tebura yadda aka tarar da su bara, yara su ruga kowa ya kama inda ƙarfinsa ya kai shi, a fara.

Wani zai ce mako ɗaya ko biyu me za su rage? Shekarar karatunmu gajera ce tun asali. Azuzuwan zana ba sa tsayuwa sai an girbe gero an samu kara da ciyawa, kuma hadarin farko na tashi suke watsewa. Yajin aiki ya ci nasa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce maki 40, ya mayar da karatun yamma wahala. Sakamakon kuma ba a ɓoye yake ba. Binciken PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an ɗaga zuwa wajen uku cikin goma. An ci gaba, amma har yanzu bakwai na baya. Ƙasar da take a wannan hali ba ta da rarar kwanakin da za ta zubar wajen noman tafasa a filin makaranta. Ni abin da ya fi ci mini rai ma ɗan ajin CI ne, wanda yau ne farkon zuwansa. An yi ta kwaɗaita masa lakwal a gida, ya zo da zumuɗi, abin da ya fara gani ƙura ce da tsawa da manyan yara na jan benci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai kuma abin da muka saba da shi har ba mu ganinsa. Wa ke shara? Ƴan mata. Wa ke ɗebo ruwa, wa ke wanke masai? Ƴan mata. Yarinyar da ta share tsakar gida ta wanke kwanoni kafin ta fito, ita za a sake miƙa wa tsintsiya a lakwal, ƴan uwanta maza na buga ƙwallo suna jiran ƙura ta kwanta. Muna tarurruka kan yadda za a riƙe ɗiya mace a makaranta, alhali darasin farko da muke ba ta kowace shekara shi ne ko a nan ma aikinta shara. Jadawalin shara da malami zai liƙa a bango, mace da namiji a haɗe, kowane rukuni da ranarsa, ba ya cin ko dala.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce yaro ya fi ƙarfin tsintsiya ba. A Japan, ƙasar da ba ta rasa kuɗin ɗaukar masu shara ba, ɗalibai ke share azuzuwansu kowace rana na ɗan lokaci kaɗan, malamansu na tare da su, kuma suna lissafa wannan cikin tarbiyya. Mu ma haka iyayenmu suka tashe mu, almajiri ma shi ke share tsangayarsa. Sharar yau da kullum ta minti goma tarbiyya ce. Amma tura ƙaramin yaro cikin ciyawar da ba a san abin da ke ƙarƙashinta ba, ko sa shi kwasar kashin jemage da hannu babu ko ƙyalle a hanci, sakaci ne na manya.

Hanyar yin aikin kuwa muna da ita, ba sai mun aro ba. Gayya tamu ce. A zamanin Seyni Kountché ƴan Samariya sun gina azuzuwa da hannunsu a garuruwa da ƙauyuka. Tun 2004, lokacin da shirin Makaranta Don Kowa ya fara a jihar Tawa da tallafin hukumar JICA ta Japan, kwamitocin kula da makarantu da kowa ke kira COGES suka bazu ko'ina cikin ƙasa, ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta iyaye mata masu tarbiyya. Tun 2016 kuma doka ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani kaso na ɗawainiyar makarantun firamare. Abin da ya rage rana ce tsayayya. A ce Asabar biyu na ƙarshen Satumba na makaranta ne a duk gundumomi 5 na Yamai, kamar yadda Kano ta ware Asabar ɗin ƙarshen wata don tsaftar muhalli, Ruwanda ma take da irin tata. Liman ya faɗa a masallaci, mai unguwa ya aika a sanar, matasan fada su ajiye butar shayi na safiya ɗaya. Na tabbata za su zo, don ƙannensu ne ke zaune a waɗannan azuzuwa. Hukumar birni ta kawo motar kwasar shara da ta yashe masai, don idan aka tara juji a ƙofar makaranta aka bar shi, ko aka cinna masa wuta kusa da zana, an gudu ba a tsira ba.

Aikin ma da jerinsa. Rufi ake fara dubawa, don wanke ɗakin da ke yoyo ɓata ruwa ne. Sai ciyawa da kwatami, sai masai da fanfo, sai cikin ɗaki daga sama zuwa ƙasa. Allo na ƙarshe, kuma shi ne dalilin da ya sa dole a gama da kwanaki a gaba, domin baƙin fentin allo yana son ya bushe sosai kafin alli ya hau shi.

Bari in daɗe kaɗan a kan allon nan. A ajin da yara uku ko huɗu ke raba littafi ɗaya, wani lokaci ma babu shi sam, allo shi ne littafin kowa. Idan ya koɗe ya yi fari, ko siminti ya farfashe ya yi ramuka, yaron da ke layin baya ba ya bambance a da o, sai ya kwafi abin da ya ga dama, a ce masa daƙiƙi. Gwangwanin fenti guda ya fi jawabai da yawa amfani ga wannan yaro. Kuma kafin yara su zo, ya kamata malami ya je can ƙarshen ɗaki ya zauna a benci na baya, ya sunkuya daidai tsawon ɗan shekara bakwai, ya dubi allo da safe, ya sake dubawa da rana ta karkata. Zai ga inda hasken taga ke ƙyalli ya shafe rubutu, ya ga iyakar inda kawunan na gaba ke tare ƙasan allo. Daga nan zai san girman harafin da zai riƙa rubutawa da layin da ba zai sauka ƙasa da shi ba.

Zama kuwa shi ne zuciyar tsarin. A ajin da ke da yara 80 ko 100, inda aka zaunar da yaro na iya yanke masa hukuncin shekara. Idan aka bar su su zaɓa, masu ƙarfi da masu baki su kama gaba, mai kunya da ƙarami da wanda bai jin Faransanci ko kaɗan su lafe a baya, su ɓace wa malami har Yuni. Gajere ya zo gaba. Wanda ke runtse ido in yana kallon allo, da wanda sai an maimaita masa magana, su zo gaba, a kuma gaya wa iyayensu a duba su, don sau da yawa abin da ake kira taurin kai ciwon ido ne ko na kunne. Yaron da Zabarmanci kaɗai yake ji a zaunar da shi kusa da wanda ke jin Zabarmanci da Hausa, haka ɗan Fulani ko Buzu da ya zo sabo, don a Yamai aji ɗaya na iya tara harsuna huɗu. A bar hanya tsakanin layuka wadda malami zai bi ya kai bango na baya ba tare da ya tsallake kowa ba. Malamin da ba ya iya isa ga yaro ba zai taɓa ganin abin da ke kan allon hannunsa ba. Inda tebura ba su isa ba, a shimfiɗa tabarmi a gaba, a riƙa juyawa mako mako, kada ya zama ɗan talaka ne kullum a ƙasa.

Sai zubar da abin da ya mutu, wanda shi ne malamai suka fi jin nauyinsa. Kusan kowane aji na da tsibin karyayyun tebura a baya, an jingine su shekara da shekaru don kayan gwamnati ne, ba mai son a ce shi ya taɓa. Suna cin wurin zaman yara goma, suna tara ɓera da kunama, ƙusoshinsu na yage riguna da ƙafafu. A fito da su, a ƙirga, a rubuta. Mai walda da kafinta na unguwa za su iya haɗa biyu masu rai daga uku matattu, kuma COGES na iya ɗaukar wannan. Kabad ma haka. Tsofaffin takardun jarrabawa da kayen yaran da suka daɗe da yin aure abincin gara ne kawai, daga su take wucewa zuwa littattafai masu amfani. A janye kabad daga bango, a ɗora ƙafafunsa kan bulo.

Kan littattafai ina da kuka na musamman. Akwai makarantun da littattafan karatu ke kulle cikin kwali a ofishin darakta, sababbi ful, don tsoron kada yara su yaga su, mai bincike ya zo ya tarar lissafi bai cika ba. Na fahimci tsoron, kuma laifin na tsarin da ke tambayar adadin littafi ne ba ya tambayar ko an karanta shi. Littafin da ya tsufa a hannun yara ya biya kuɗinsa. A fito da su ranar tsara aji, a naɗe bangonsu da takardar buhun siminti, a sa musu lamba, a raba.

Bango ma yana koyarwa. Yawanci abin da ke liƙe jadawalin darussa ne da jerin sunaye da rabon manhaja, can sama kusa da teburin malami, don idon mai bincike. Suna da amfaninsu. Amma a ƙasa, daidai idon yaro, ya kamata a ga haruffa da lambobi da manyan baƙaƙe, ko a bayan kwalin shago aka rubuta su. Marafan kwalba da tsinkayen lissafi a zuba cikin gwangwanayen madara, kowane layi da nasa. Randa mai murfi a kusurwa da moɗa, buta da sabulu a bakin ƙofa. Malamai mata da yawa a makarantun gefen gari suna yin wannan da kuɗin aljihunsu, ba wanda ya sa su, ba wanda ya gode musu. Wanda ya shiga irin wannan aji tun daga ƙofa zai ji bambanci, yaran ma muryarsu daban take.

A azuzuwan zana kuwa tsari maganar rai ce. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a makarantar unguwar Pays-Bas a nan Yamai, ta cinye rumfuna 21, yara aƙalla 20 suka rasu, akasarinsu ƙanana ƴan rainon yara. Rahotanni sun ce wutar ta kama ne ta wajen ƙofar shiga, babu wata mafita, manya suka haura katanga, ƙananan suka kasa. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25. Bayan nan ne gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin rumfunan zana. A lokacin hukumomi da kansu sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a ƙasa. Maganin gaskiya gini ne, kuma haƙƙi ne a wuyan gwamnati wanda babu gayyar da za ta sauke mata shi. Amma kafin ginin ya iso, yara na zaune cikin kara busasshe yau. Tazara tsakanin rumfa da rumfa, mafita biyu ga kowace, nome ciyawa kewaye da su, nisanta masu tuya da murhunsu, tulin yashi da bokiti a kusa, ƙofar makaranta a buɗe babu babur ko tebur a bakinta, da koya wa yara tun makon farko yadda za su fita a layi idan aka buga ƙarfe: duk wannan a ranar tsara aji ake yanke shi. Duk darakta da ya kafa rumfuna manne da juna don fili ya yi kaɗan, ya tuna Pays-Bas.

Na san abin da malami zai ce, kuma yana da gaskiya. Yawancin masu koyarwa a firamare ƴan kwantiragi ne, ɗan abin da ake ba su ba ya kai wata, wani lokaci ya makara. Wani ba ya sanin makarantar da aka tura shi sai an koma, wani sai ranar farko darakta zai ce masa bana CE1 za ka riƙe. Yaya mutum zai tsara ɗakin da bai san nasa ba ne? Saboda haka roƙona na farko ga ma'aikatar ilimi da masu binciken makarantu ne: takardun canjin wurin aiki su fito da wuri, rabon azuzuwa a yi shi kafin a tafi hutu, malami ya karɓi makullinsa da jerin yaransa mako guda kafin komawa, a kuma lissafa waɗannan kwanaki cikin aikinsa. Kada kuma a bar shi ya sayi tsintsiya da fenti da alli daga aljihunsa.

Shara ɗaya a shekara ma ba ta isa garin da hunturu ke busawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba. Kafin Maris ƙura ta kwanta kan komai, tari da mura sun cika aji, lokacin sanƙarau ya kawo kai. Ba a manta ba a Afrilun 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki saboda annobarsa. Hutun ƙarshen zango na biyu dama ce ta kakkaɓe silin da tagogi, a wanke ƙasa, a sake duba wurin zaman kowa, don yaron da ya zauna daidai a Oktoba wataƙila ya yi tsawo, wani kuma ya ja baya yana buƙatar matsowa. A kullum kuma a yayyafa ruwa kafin a yi shara, a yi ta bayan an tashi, kada yara su zauna cikin ƙurar da aka tayar.

Rabin wahalar Oktoba kuwa tun Yuni ake saye ta, ranar da kowa ke sauri ya tafi. Kafin a rufe, a toshe yoyon da aka sani, a ɗaga littattafai daga ƙasa, a ɗaure tagogi. Makarantun da ke kusa da kogi ko cikin kwari, waɗanda kowa ya san idan ruwa ya zo nan za a nufa, su ware ɗaki ɗaya mai ƙofar kirki su tara tebura da littattafai a ciki su kulle, sauran ɗakunan su zauna a shirye don baƙin da damina za ta iya kawowa. A rubuta abin da ke cikin kowane ɗaki, darakta da shugaban COGES da mai unguwa su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa har Satumba.